Kwancen Alhaji

A gidan Alhaji Abdussalamu mai man gyaɗa, a Korgom, ba a zubar da komai. Riga in ta koɗe a jikin Alhaji sai ta sauka kan ɗansa, in ta yage ta zama tsumman tace mai. Zane in ya fita ran matarsa, Hajiya Zubaida, sai ya tsallaka tsakar gida ya shiga ɗakin Hamsatu. Alhaji yana alfahari da wannan hali, har a majalisa yakan ce shi gidansa ko leda ba ta kwana a bola. Mutane kuma su yaba, don ba a rasa mai yaba wa mai kuɗi.

Hamsatu yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidan, kuma duk abin da ke ɗakinta kwance ne. Katifarta ta lotsa a tsakiya daidai faɗin bayan Alhaji. Takalminta na Hajiya ne, an ɗaure kunnensa da waya. Ba ta taɓa ƙorafi ba, kullum da hannu biyu take karɓa ta ce Allah ya ƙara arziki. Ita ce kuma ke fitar da man da aka san gidan da shi. In an dawo da gyaɗa daga injin niƙa, ita ke tsayawa kan turmi tana juya ƙullin da taɓarya, tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, sannan ta durƙusa ta matse tunkuza da ƙarfin kafaɗa. Duk ranar kasuwa tsoho Danda, baran gidan, yakan ɗaura wa bijimin sa amalanke, a jera bido-bido, wato jarkokin mai, ya kama hanyar Tasawa.

Wata safiya a farkon kaka, tana cikin juyi, taɓarya ta suɓuce mata. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, ta buɗe shi za ta kira Zubaida magana ta sarƙe. Kafin a ɗebo ruwa a shafa mata abin ya sake ta, amma tsoron bai sake ta ba. Da irin wannan Innarsu ta fara, ta shanye ɓarin jiki, ta yi shekaru a kwance, Hamsatu ce mai juya ta da wanke ta har Allah ya karɓi abinsa. Ta san ɗoyin ɗakin nan, ta san yadda masu zuwa dubiya ke tsayawa daga bakin ƙofa. Duk duniya ba abin da take roƙon Allah ya raba ta da shi kamar wannan kwanciya.

Da yake a gaban matan maƙwabta abin ya faru, Alhaji ya goya ta a moto, babur ɗinsa, ya kai ta asibitin Tasawa. Aka auna ta, aka ɗebi jini, aka ce su dawo. Ranar da suka koma, likitar, wata matashiya mai suna Dokta Rahma, ta jawo kujera kusa da Hamsatu.

"Inna, tansiyonki ya hau, hawan jini ke nan, zan ba ki ƙwayar da za ki riƙa sha kullum. Sannan analis, awon jinin nan, ya nuna maiƙo ya yi yawa a jininki, shi ke neman toshe hanya. Abin da ya same ki rannan gargaɗi ne. In ba a rage maiƙon ba, zai iya dawowa ya zauna."

Alhaji ya yi dariya, har da gyara zama, kamar an ambaci sunan wani abokinsa.

"Kolesterol ke nan. Ai ciwona ne, Dokta, ni na riga ta." Ya sa hannu a aljihu ya fiddo wani kwali mai jan baki, don da shirinsa ya zo. "Ga maganinai nan. Bara na sayo shi Maraɗi kwali-kwali, sai likitana ya canza mani wani. Shina nan jibge bisa kabad, ko lalacewa bai yi ba."

Dokta Rahma ta karɓa ta duba, ta girgiza kai.

"Alhaji, maganin maiƙo ba iri ɗaya ba ne, kowa da wanda ya dace da jikinsa. Wannan awonsa babba ne ƙwarai, kuma ba ya shiri da ƙwayar tansiyon da zan ba ta. Ƙodarta ma ta gaji. In ta haɗa su, naman jikinta zai iya fara lalacewa, ƙoda ta kasa tace dattin. Akwai wani mai sauƙi, ƙaramin awo, shi na zaɓa mata." Ta miƙa masa kwalinsa. "Kai me ya sa aka canza maka?"

"Ke dai kin san halinku na likitoci," in ji Alhaji, ya mayar da kwalin aljihu.

Ta juya ga Hamsatu ta yi magana a hankali, ta kuma maimaita.

"Ko wanda na rubuta miki, in kin ji cinyoyi da kafaɗu na ciwo, ko fitsari ya koma kamar shayi, ki bar sha, ki zo wurina a ranar. Kin ji, Inna?"

"Na jiya, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka."

A farmasi Alhaji ya bar ta a inuwa ya shiga shi kaɗai. Bai jima ba ya fito da ƙullin leda ɗan mitsitsi, ya ninke takardar likita ya cusa a hula.

Bayan magariba ya kira ta ƙofar turakarsa. Ya miƙa mata ƙwayar tansiyo sabuwa, ya ɗora mata kwali mai jan baki a kai, an ma ɓalle rabin jere ɗaya. Hamsatu ba ta karatu, amma ba makauniya ba ce.

"Alhaji, ba wanga ne ɗiyar nan ta hana ba?"

"Yaya ke nan. Wagga yarinya da anka yaye jiya? Ba ki san bakinsu ɗaya da masu farmasi ba? Ta rubuta sabo, a saya, da marece a raba riba. Ni da na sha shi da bakina za a gaya ma maganin kolesterol?" Ya ɗaga murya. "Mudassir, taho ka duba ma gwaggonka."

Mudassir, babban ɗan gidan, ya gama lise, wato sakandare, yana zaman jiran aiki, waya ba ta barin hannunsa. Ya zo yana jan silifa, ya dubi kwalin, ya karɓi takardar daga hular ubansa, ya ɗan latsa waya. Bai karanta abin da ya wuce layi biyu ba.

"C'est la même famille, Gwaggo. Dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Wanga ma ya hi ƙarhi, za ya hi saurin narkar da maiƙon."

"To kin ji," in ji Alhaji. "Ɗan lakwal, mai ilimin boko, ya hwaɗi."

Hamsatu ta tsaya da kwalin a tafin hannu. Ta ji gargaɗin likita sarai, bai fita kunnenta ba. Amma a gidan nan ba a taɓa mayar da kwance ba, mayar da shi zagi ne. In kuma ta ƙi wannan, babu wani da za a saya, sai ta zauna jiran ciwon Inna. Ta rufe kwalin da ɗayan hannun.

"Allah shi ƙara arziki," ta ce.

Da farko ba ta ji komai ba, har ta fara jin kunyar zargin da ta yi wa ƙanenta a zuci. Gyaɗa ta shigo da yawa a kakar nan, turmi ba ya hutawa, ita ma haka. Sai cinyoyi suka fara nauyi. Ta ce gajiya ce. Daga nan tashi daga sujada ya zama aiki, sai ta dafa bango, daga baya ta koma salla a zaune. Kafaɗu suka karɓa. Taɓaryar da take juyawa tun tana budurwa ta koma mata kamar an canza ta da ta ƙarfe, in ta durƙusa matsar tunkuza sai hawaye ya zubo mata ba tare da ta yi niyyar kuka ba. Takan goge da gefen kallabi, don kada ya ɗiga a mai.

Ranar da ta ga fitsarinta ya yi ja-ja baƙi-baƙi, ta tuna gargaɗin likita. Irin wannan magana ba a yi wa namiji, balle ƙane, don haka ta sami Zubaida a madafa tana tankaɗe.

"Hajiya, abin da likitar nan ta ce, na gane shi yau. Kamar shayin da ya kwana."

Zubaida ta ajiye rariya, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi, Yaya. Ai maiƙon ne ke hita. Ba ki ga in an sha maganin shawara ba, sai an ga baƙi-baƙi ake sanin ya kama cuta? Magani in bai motsa jiki ba ai ruwa ne."

"Jikina duk ciwo shi kai, Hajiya."

"Dole shi yi. Maiƙon shekara da shekaru za ya hita ba a jiya ba? Ke ma kin san gyaɗa sai an wahal da ita take ba da mai." Ta yi 'yar dariya. "Dama ni na ce lasar tunkuzan nan da kike yi ba banza ba."

Hamsatu ba ta lasar komai, ko ƙuli-ƙulin da take toyawa sai wanda ya ƙone take ci. Kafin la'asar matan unguwa duk sun ji cewa maganin Alhaji na Maraɗi ya kama ciwon Hamsatu, har cuta ta fara fita ana gani. Suka riƙa leƙowa suna yi mata barka. Wata ma ta tambaya ko za a ɗan sam mata ƙwaya biyu saboda mijinta.

Likita ta ce a bari, sai Hamsatu ta bari a ɓoye. In ta ɓalle ƙwayar sai ta tura ta ƙarƙashin katifa. Kwanakin nan ba ta ji daɗinsu ba, don ko yatsanta ya yi tsami sai ta ce shi ke nan, ciwon Inna ya iso, ta yi ta motsa baki tana kiran sunayen Allah don ta ji ko harshe na nan. Duk da haka cinyoyin sun ɗan lafa. Sai aka fitar da katifu shanya, ƙwayoyin suka zubo a gaban Zubaida.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A tsakar gida ya tsaya, ƙwayoyin a tafin hannunsa, yana magana a sanyaye yadda kowa zai ji.

"Yaya, ban san abin da na yi maki ba. Ci, sha, sutura, ɗaki, ban rage ki da komi ba. Maganin da na tahi har Maraɗi na sayo ma kaina, na ɗauka na ba ki, ke kuma kika mai da shi abincin kyankyaso. To ina tambayarki. In kin shanye kamar Inna, wa za ya kwashe maki? Ita Inna ta samu ke. Ke wa kike da shi? Zubaida dai ba baiwar kowa ba ce."

Ba ta da kowa, ya san haka, Allah bai bar mata ɗa ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalmin da aka ɗaure da waya, ta ba ƙanenta haƙuri. Ya hure ƙurar ƙwayoyin ya mayar da su kwali, don ba a zubar da komai. Daga ranar Zubaida ce ke kawo mata bayan magariba, da moɗar ruwa, ta tsaya a kanta sai ta ga maƙogwaro ya motsa.

Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya zo da ƙari. Hamsatu ta daina roƙon a canza magani, abu ɗaya take nema, a kai ta Tasawa likitar nan ta gan ta. Ta san in yarinyar ta gan ta, magana ta ƙare. Ranar kasuwa da sassafe ta dogara sanda ta fito ƙofar gida, mayafi a kafaɗa, Danda yana ɗaure bido-bido da igiya.

"Malam Danda, ko akwai ɗan wuri daga baya? Ni ba ni da nauyi."

Tsohon ya dube ta, ya dubi zaure. Shi ma rigar da ke jikinsa tsohuwar ta Alhaji ce.

"Wuri sai Alhaji ya ce, Hamsatu. Ni dai in an sauke bido biyu kin samu."

Alhaji ya fito yana sakace.

"A sauke mi? Man da mutumin Mayahi ke jira? Yaya, ki yi ma Allah. San nan da kyar shike jan wanga kaya, ga yashi. Bari kasuwa mai zuwa, ni da kaina zan kai ki a moto."

Ta tsaya jingine da bango tana kallon amalanken yana tafiya, man yana rawa a cikin bido, kowane ɗigo daga kafaɗunta ya fito. Kasuwa mai zuwa ta zo, aka ce esansi, man moto, ya yi tsada, kuma Alhaji na da zaman sulhu a gidan mai gari. Mudassir da ke yawo da moton kowace yamma ya ce shi ba ya iya goyon marar lafiya, kada ta faɗo a ce shi ne. Ya ƙara da cewa ya duba a waya, ɗan ciwon jiki c'est normal, ba komai ba ne, yana wucewa.

Wata rana da hantsi, kafin a kawo niƙa, ta dafa ruwa ta tsoma tsumma tana gasa cinyoyinta. Ta danna gaban cinya, ta koma bayanta, ta hau kafaɗa, ta sauko damtse. Hannunta na bin wuraren nan kamar ya san hanya, sai ta tsaya cak da tsumman yana ɗiga. Lalle ya san hanya. Bara da damina Alhaji ya kwanta, aka ce sanyi ne ya kama shi, ba ya iya tashi daga tabarma, babban mutum yana nishi kamar yaro. Zubaida ta ce ita hannunta ba ya jure ruwan zafi, Hamsatu ce ta riƙa gasa shi safe da yamma. Nan ne, Yaya, yakan ce, danna nan. Daga ciwon nan aka ɗauki mota aka kai shi Maraɗi, ya dawo da sabon magani, kwalaye masu jan baki suka hau kan kabad.

Ƙafa ta ƙi ɗaukarta, sai ta rarrafa. Ta ratsa tsakar gidan da gwiwa da tafin hannu, kaji na kauce mata, har ƙofar turaka. Alhaji na zaune kan darduma yana shan fura, kusa da shi ga ɗan farin kwalin maganinsa sabo.

"Subhanallahi, Yaya, mi ne haka? Sai mutane su ce wani abu."

Rabon da ta kira shi da sunan da take kiransa yana goye har ta manta.

"Salamu," ta ce. "Nan ne, da nan, da nan." Ta nuna cinya, ta nuna kafaɗa. "Inda na gasa maka bara. Ba sanyi ba ne, ko? Wanga magani ne ya kada kai."

Ya ajiye ludayi. Ya dubi ƙofa ko akwai mai ji.

"Ka sani," ta ce. "Ka san abin da nike ji, wuri da wuri. Da hannuna na taɓa shi a jikinka."

Ta zaci zai musa, ta ma shirya yarda in ya musa, don zuciyarta ta huta. Bai musa ba. Ya ɗauki ludayinsa ya juya furar.

"To ai kin gani da idonki. Ni ma na sha, ga ni, ban mutu ba. Ku mata kun hi mu jure ciwo, kuma jikinki na aiki ne, ba irin nawa ba. Saura kaɗan kwalayen su ƙare, Yaya. In sun ƙare sai a saya maki wancan."

Hamsatu ta dube shi, wannan ƙaton mutum mai furfura a gemu, wanda ta tauna wa ƙuli-ƙuli ta sa masa a baki lokacin ba shi da haƙori. Ba fushi ta ji ba, wani irin sanyi ne ya sauko mata, ta ji ita kaɗai ce a duniya. Ta juya ta rarrafa ta koma, don an kawo niƙa.

Ba ta kai ƙarshen kwalayen ba. A bakin turmi ta faɗi, ta ture kwaryar mai, Zubaida ta fara tsame kwaryar kafin ta kira a ɗaga ta. Daga nan fitsarin ya ragu, ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta cika, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Zubaida ta ce iska ce, don turmin yana ƙarƙashin tsamiya, aka karɓo rubutu aka yi turare. Aka ɗauko wata maƙwabciya ta karɓi aikin mai, ita kuwa ta ce sai an biya ta, kuma man da ta fitar bai kai rabin na Hamsatu ba. A ranar ne Alhaji ya fara cewa ciwon Yaya ya dame shi. Da kasuwa ta zagayo an sami wuri a amalanke, don man bai cika shi ba. Aka shimfiɗa buhu tsakanin bido-bido aka kwantar da ita, Danda yana kora san a hankali yana yi mata sannu a kowane rami.

Dokta Rahma ta gane ta tun daga ƙofa. Ta danna ƙafar, yatsa ya lotsa bai taso ba. Ta sa aka ɗebi jini da gaggawa, da sakamako ya fito ta zo ta tsaya a bakin gado, Alhaji na gefe da carbi.

"Me take sha?"

"Abin da kika rubuta, Dokta," in ji Alhaji. "Sai dai kin san mutanenmu, ba a raba su da 'yan jiƙe-jiƙe."

"Ba jiƙo ba ne wannan. Kwali mai jan baki ne, wanda na hana." Ba ta dube shi ba, ta sunkuya kan Hamsatu. "Inna, ki gaya mini. Wa ya ba ki?"

Ɗakin cike yake da masu jinya, kowa ya kasa kunne, akwai ma 'yan Korgom a gado na gaba. Hamsatu ta juya ido ta dubi ƙanenta. Carbin ya tsaya a hannunsa, leɓensa na rawa, irin rawar da yake yi yana yaro in ya yi ɓarna Baba ya ɗauko bulala. Duk lokacin nan ita ke shiga tsakani ta ce ita ce. Ba ta san wata hanya ba, ba a koya mata ba.

"Ni na ɗauka, ɗiyata," ta ce da kyar. "Bisa kabad na gane shi, na ɗauko da hannuna. Shi bai sani ba."

Dokta Rahma ta dubi hannuwan nan da ba sa iya ɗaga moɗa, ta daɗe tana kallonsu. Alhaji ya sauke numfashi, carbi ya ci gaba da tafiya.

"Kin ji ko, Dokta? Ni kaina na yi ta hwaɗa."

Likitar ta miƙe.

"Ƙodarta ta tsaya. A nan ba mu da abin da za mu yi mata sai ƙarin ruwa da addu'a. Sai babban asibiti, inda ake wankin ƙoda, kuma yau, ba gobe ba."

Alhaji ya ce lalle, lalle, bari ya je kasuwa ya ga mutumin Mayahi, ya kuma yi shawara da 'yan uwa, don irin wannan tafiya ba a yin ta da ka. Ya sunkuya ya ce, "Yaya, yanzu nike dawowa." Ta bi bayansa da ido har babbar rigar ta ɓace a ƙofa. Shawarar ta kai washegari. Da ya dawo da rana tsaka, ya tarar an ja mata zane har ka, tsoho Danda na tsugune a gindin gadon, shi ya kwana a wurin.

Abu ɗaya Hamsatu ta roƙa ta samu, ba ta yi kwanciyar Inna ba, ba wanda ya kwashe mata komai.

Matan da suka yi mata wanka sun nemi zane mai kyau a ɗakinta da za a rufe makara, ba su samu ba, kowanne sun san shi a jikin Hajiya. Da aka zo maganar likkafani za a aika kasuwa, Alhaji ya ce a dakata. Ya shiga turaka ya fito da farin yadin da ya tsoma a zamzam a hajinsa na fari, ya ajiye don kansa. Da ya je umara ya sayo wani wanda ya fi shi laushi, wannan kuwa ya yi ja a wurin ninki, asu ya ɗan taɓa gefe. Liman ya ɗaga shi ya nuna wa jama'a, ya ce ku ga zumunci, mutum ya ba 'yar uwarsa likkafaninsa na Makka. Aka yi ta kabbara ƙasa-ƙasa. Alhaji ya share ido da hannun riga, kuma hawayen gaske ne, wannan shi ne abin da ya fi ban haushi.

Ba wanda ya tambayi komai. An ce kwana ne ya ƙare, an ce ta sha jinya a hannun ɗan uwa nagari, har magani na Maraɗi. A Korgom in mutum ya kashe ka da duka za a kira jandarma, in ya kashe ka da kyauta sai a yi masa addu'a.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, Danda ya matso ya tsuguna a gefen tabarma zai yi sallama. Da zai miƙe jiri ya ɗebe shi, ya dafa ƙasa.

"Lahiya, Malam Danda?"

"Wallahi Alhaji, kwanan nan haka nike hwama. Da muna asibiti na sa sunka auna ni, sun ce tansiyo ne, wai har da maiƙon nan irin na marigayiya. Sun ba ni na tansiyo, sun rubuta ɗayan, ban samu halin saye ba."

Alhaji ya gyara zama, fuskarsa ta saki a karon farko tun rasuwar.

"Haba, kana gidan nan ka sayi maganin kolesterol? Mudassir, shiga ɗakin gwaggonka, bisa taga, akwai sauran kwali biyu."

Mudassir ya kawo. Danda ya goge tafin hannunsa a jikin tsohuwar rigar Alhaji, ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"Allah shi ƙara arziki," ya ce.